Ranar da Ruwa Ya Zagaye Mu a Manoka



A 1993 na sauka a Duwala, bayan na biyo ta Garwa da Ngaundere na hau jirgin ƙasa, da buhu guda da buta. Tun lokacin ina New Bell. Rumfata tana Marché Central, ina sayar da igiya da ragar kamun kifi da ƙugiya da dalma da tocila da takalmin roba. Fiye da rabin masu cinikina masunta ne. Na san lambar kowace ƙugiya, na san idon ragar da ake kama bonga da ita, in ka ba ni igiya a duhu zan gaya maka kaurinta. Amma ga abin kunyar: shekara talatin da ɗoriya ina cin abinci daga ruwan gishiri, ban taɓa tsoma ƙafata a cikinsa ba sai a watan Fabrairun 2025. Ranar da na tsoma kuwa, saura ƙiris ya tafi da ni da ɗana. Shi ne na ce bari in rubuta, ko wani zai amfana.

Unguwar da ta juya wa ruwa baya

Wanda bai san Duwala ba zai ɗauka duk muna kwana muna jin ƙarar teku. Ina! Mu a New Bell ruwan da muka sani shi ne na sama, wanda yake zuba sama da milimita 3,500 a shekara, da na kwata da ke shigo mana ɗaki a watan Agusta. Kogin Wouri kuwa sai in mutum zai haye gada zuwa Bonabéri ya leƙa shi ta tagar mota.

Wannan kuma yana da asali. Tun zamanin Jamus, wajen 1910, Turawa suka ƙudura tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogi su mayar da su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin unguwar Bature da ta baƙar fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ya yi ta kai ƙara har Jamus, a ƙarshe suka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Filin da aka ware wa mutanen Bell shi ne New Bell. Daga baya baƙi suka cika shi: Hausawa, Bamilike, Basa, Ewondo da sauransu, kowa da ɓangarensa. Wato unguwarmu tun kafuwarta an yi ta ne don a nisanta mutane da bakin ruwa. Mu kuma da muka zo daga ƙasar tudu, inda kogi yake ƙafewa da rani har a yi ƙwallo a cikinsa, sai abin ya yi mana daidai. Masu garin duk Disamba suna bikin Ngondo a bakin Wouri, da tseren kwalekwale da komai, mu muna rumfa muna jiran su dawo su yi ciniki.

Mu iyaye ke nan. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, lissafinsu daban.

Wandon Auta

Autana yana da shekara goma sha huɗu. Wata Lahadi uwarsa ta ɗaga katifarsa za ta shanya, sai ga gajeren wando a ƙasa, a jiƙe, da baƙin taɓo mai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta kawo mini rumfa a leda, hannunta na rawa.

"Alhaji, duba wannan. Wannan ba taɓon kwata ba ne."

Na shinshina na gane shi, don masunta suna shigo mini da irinsa a ƙafafunsu kullum. Da dare na tsare yaron. Ashe ya fi shekara yana bin abokansa zuwa Youpwé, suna iyo a bakin matanda, wani lokaci su taya masu yashi sauke kwalekwale a ba su 'yan canji. Ba a daɗe ba kafin nan aka yi zaman makoki a layinmu na wani yaro sa'arsa da ruwa ya ci. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Shi dai kansa a ƙasa. Da na gaji sai ya ce a hankali, "Baba, ai ni na san lokacin da ake shiga da lokacin da ba a shiga."

Maganar ta ƙara tunzura ni a daren, amma ta kwana tana yi mini yawo a kai. Wane lokaci ne ake shiga? Ni da nake hana shi ban san amsar ba.

Akwai wani tsohon masunci a Manoka, mutumin Najeriya daga bakin teku, da nake bi jaka 180 na raga, wata biyar shiru. Na ce to, zuwa da kai ya fi saƙo. Zan je in karɓi kuɗina, in tafi da yaron, in nuna masa da idonsa haɗarin abin da yake wasa da shi. Niyyata ke nan. Ranar Asabar, wajen 16 ga Sha'aban, bayan asuba muka hau bensikin zuwa Youpwé.

Daga Youpwé zuwa Manoka

Youpwé a ƙaramar hukuma ɗaya take da mu, Duwala ta 2, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Nan ne babbar matsayar masunta da kasuwar kifi, wadda aka sake ginawa da taimakon Japan. Daga nan kwalekwale masu inji suke ɗibar mutane da kaya zuwa tsibirai. Muka nuna katin shaida, aka miƙo mana rigar ruwa. Na ɗora tawa a kan farar babbar riga, wata mata mai kwandon barkono ta dube ni ta kau da kai tana dariya.

Da muka fita daga mashigin Youpwé sai duniya ta buɗe. Nan ne koguna uku, Wouri da Mungo da Dibamba, suke haɗuwa su zuba a teku. Hagu da dama dajin matanda ne, itacen da ke tsaye a cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi kamar yatsun kaza. Muka wuce masu yashi, ƙarti ba riga, suna nutsewa da bokiti su fito su juye a kwalekwale har ya kusa shafe da ruwa. Yashin da aka gina gidajenmu da shi, haka ake ciro shi. Can nesa wani jibgegen jirgin kwantena yana rarrafawa zuwa tashar jiragen ruwa, a hanyar da sai ana yashe ta a kai a kai don taɓo yana cike ta. An ce in gari ya yi garau ana hango Dutsen Kamaru daga nan, amma ranar hazo ya rufe shi. A wannan ruwan ne Turawan Fotugal suka shigo wajen 1472, suka tarar da jatan lande jingim, suka sa masa Rio dos Camarões, wato Kogin Jatan Lande, sunan da ya zama Kamaru.

Ni ina riƙe da katako da hannu biyu ina salati, Auta yana zaune a baki yana nuna mini abubuwa kamar ɗan gari. Kusan awa guda muka isa.

Manoka ita ce hedikwatar Duwala ta 6, amma ba za ka ce gari ɗaya ne da Akwa ko Bonanjo ba. Gidajen katako ne, wasu a kan dirkoki, hayaƙi ko'ina. Abin da ya ba ni dariya, rumfar da suke ƙyafe kifi a kai su ma banda suke ce mata, kamar a Hausa. A bakin ruwa akwai kangon wani tsohon gini na zamanin Turawa, da mutanen wurin suke cewa kurkuku ne, har suna cewa an taɓa tsare Manga Bell a ciki. Ruwa yana cin gindinsa.

Lissafin tsoho

Na sami mutumina a gindin banda yana ɗinkin raga, ragar tawa ma kuwa. Ya tashi ya rungume ni, "Alaji! Kai ne a ruwa yau?" Muka gaisa da Turancin buroka. Maganar kuɗi ya ce in bari sai 'ya'yansa sun dawo da yamma. Tun da akwai lokaci, na ce ina so yaron nan ya ga bakin teku.

Ya ɗaga kai ya tambaye ni, "Watanku nawa yau?"

Na yi mamaki. Kirista ne, me ya haɗa shi da watan Musulunci? Ya ce ai su da wata suke aiki fiye da mu. Ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa. Ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda. Wajen awa shida yana tafiya, wajen awa shida yana dawowa, kuma kullum yana makara da kusan minti 50 a kan na jiya. Wata ne ke jan sa, rana tana taimakawa. In wata ya tsaya sabo, ko ya cika a 14 da 15, su biyun suna ja a layi ɗaya, sai a yi babban ruwa na 'yan kwanaki: ya janye can nesa, ya dawo ya haura inda bai saba kaiwa ba. A 7 ga wata da 22 kuwa ƙaramin ruwa ake yi, ba ya tafiya sosai, ba ya cika sosai.

"Yau babban ruwa ne," in ji shi. "Za ku ga tudun da ba kullum ake ganinsa ba. Ku je. Amma ka ga jiragen can da ke ɗaure? Yanzu hancinsu yana kallon gari, don ruwa yana fita. In ka ga sun juya suna kallon teku, ruwa ya juyo. Kada ka tsaya ɗaura takalmi, ku taho."

Na ce na ji. Wallahi na ji ɗin, kunne dai ya ji.

Tafiya a gadon teku

Wajen sha ɗaya da rabi muka bi gaɓa, muka bar gidaje a baya. Inda muka ga ruwa da safe yanzu fili ne fetal, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Can gaba ga tudu uku a jere sun fito daga ruwa, kamar bayan shanu a kwance. Tsakaninmu da na farko akwai wata 'yar ƙorama, ruwanta iya idon sawu. Na tattare riga, na riƙe takalmi a hannu, na tsoma ƙafa. Ɗumi gare shi kamar ruwan wanka. Na ɗanɗana a yatsa, gishiri-gishiri. Auta ya ce, "Baba, ka shiga teku ke nan." Na harare shi, amma raina fari tas.

'Yan uwa, akwai abin kallo a wurin nan. Tudun farko yashi ne mai tauri, da zane-zane a kansa kamar an yi masa kitso. Ƙaguwa ƙanana dubbai, mazansu da hannu ɗaya babba ɗaya ƙarami, suna ɗaga babban kamar masu kiran ciniki. Ka taka, su ɓace cikin rami gaba ɗaya, ka tsaya shiru, su fito. A gefen taɓo na ga kifi yana tafiya a tudu da ƙirjinsa, idanunsa a saman kai kamar na kwaɗo, yana tsalle. Da wani ne ya ba ni labari a rumfa da na ce ƙarya yake yi. Fararen tsuntsaye irin balbela suna bin bakin ruwa suna tsinta, wasu ƙanana masu dogon baki suna gudu a gabanmu. Auta ya ce malaminsu ya gaya musu wasu daga Turai suke zuwa cin rani. Na ce ashe 'yan uwanmu ne.

Tudu na biyu ya fi tsawo, samansa duk ɓawon kawa ne da katantanwa da 'yar tsakuwa, ruwa ya tara su ya jera kamar an tankaɗe: manya a sama, ƙanana a ƙasa. In ka taka sai ka ji ƙaras-ƙaras. Dole na mayar da takalmi don suna yanka. A nan kuma na ga kayanmu na gari: silifas ƙafa ɗaya, robar ruwa, ledar omo, har da guntuwar shuɗiyar igiya irin wadda nake sayarwa. Abin da muke zubawa a kwatar New Bell, ga inda yake kwana.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka yi azahar a kan tudun nan, na shimfiɗa rawani. Ba ƙarar bensikin, ba janareta, ba mai kiran "Alhaji nawa ne wannan". Rabon da in ji shiru irin wannan tun ina yaro a gonar kakana. Bayan mun sallame muka ci burodi da soyayyen kifin da matar tsohon ta ƙunsa mana. Yaron da a gida ba ya iya haɗa ido da ni, sai ga shi yana ta zuba: sunayen abokansa, wanda ya koya masa iyo, yadda yake so ya karanta aikin jirgin ruwa. Ban taɓa sani ba.

Ruwa ta baya yake zuwa

Da mun juyo daga nan, da labarin ya ƙare lafiya. Sai na ce mu ƙarasa na uku, tun da mun zo. Muna isa waya ta yi ƙara, yarona na rumfa ne, wai kayan da nake jira daga Onica sun iso amma babu dila biyu. Kun san halinmu. Na kira direba, na kira mai kaya, na sake kiran yaro, ina kai da komo ina ɗaga murya a tsakiyar teku.

"Baba, jiragen sun juya."

Na ɗaga masa hannu, bari in gama.

"Baba, tun ɗazu suka juya."

Na dubi gabana. Ruwan yana can inda yake, ko ya matso bai fi taku biyar ba, a kwance lumui. Na ce, "Kai, ina ruwan yake? Saura minti biyu." Minti biyun nan sun kai arba'in. Kuskurena shi ne gaba nake kallo. Ruwan bai zo ta gaba ba. Ya bi ƙoramun da ke bayanmu ya cika su tukuna, shiru, ba igiya ba ƙara.

Muka haye zuwa tudu na biyu da ruwa iya gwiwa. Da muka gangara ɗaya gefen wajen uku da rabi, 'yar ƙoramar da ke tsakaninsa da na farko ta zama kogi, tana gudu, tana ɗauke da ganye da kumfa. Tudun farko kuwa rabinsa ya nutse. Gabana ya faɗi. Na ce mu yi sauri mu ratsa kafin ya ƙaru.

"Baba, kada ka shiga. Ba ta nan muka biyo ba, nan taɓo ne."

Na ce yaro ne zai koya mini? Na shiga. Taku na huɗu ƙafar dama ta lume har cinya. Na ja, ta hagu ta bi ta. Ruwa ya kawo mini ƙugu yana tura ni gefe, babbar riga ta sha ruwa ta yi nauyi kamar an rataya mini buhun gishiri. Waya tana aljihu, ta tafi ke nan. Na fara kiciniya, ina ƙara nutsewa.

Muryar da yaron nan ya yi mini magana da ita, ban san yana da ita ba. "Baba, tsaya! Daina motsi. Cire rigar. Kwanta da baya, ka bar takalmin." Ya jawo wani busasshen reshen matanda da ruwa ya yar, ya kwanta a ciki a bakin yashi ya miƙo mini. Na kwanta a ruwa kamar yadda ya ce, ina zare ƙafa ɗaya a hankali, sannan ɗayar. Takalmina suna can har yau. Na fito da rarrafe, baƙi ƙirin da taɓo, ɓawon kawa ya tsattsaga mini gwiwa.

Ya ce shi zai iya iyo ya haye, amma ba zai bar ni ba, kuma ko ya shiga ruwan zai kai shi can ƙasa. Mu koma inda ya fi tudu mu jira. Ya ɗaura babbar rigata a kan reshen yana kaɗawa. Tudun da muka yi salla a kansa ya kai filin ƙwallo biyu. Ina kallo ya koma kamar tsakar gida. Ya koma kamar tabarma huɗu. Ɓawon kawa yana ƙara a ƙarƙashin ruwa, sur-sur-sur, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na riƙe kafaɗar yaron, duk addu'ar da na sani na karanta. Abin da ya fi ci mini rai, me zan gaya wa uwarsa, in ma na kai ga gaya mata? Na ɗauko shi don in raba shi da ruwa, ga shi ni na kawo shi tsakiyarsa.

Ruwa ya fara taɓa mana ƙafa sai muka hango ƙaramin kwalekwale ya ɓullo ta bayan matanda. Ɗan tsohon ne. Ashe tun da jirage suka juya uban yake duban hanya, da bai gan mu ba ya tura shi. Saurayin bai ce mini komai ba, ya dai dubi Auta ya ce da buroka, "Kai ne ka hana shi ratsawa? Ka yi daidai."

Abin da na fahimta daga baya

Da muka dawo, yayar Auta da ke karatu a Jami'ar Duwala ta zaunar da ni ta yi mini lissafin da matuƙan jirgi suke yi, na kuwa gane shi don lissafin kasuwa ne. Ka raba ruwan da zai hau gida 12. Awar farko kashi 1 yake hawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A Duwala, ranar babban ruwa, tsakanin janyewa da cika yakan wuce mita 2. A ɗauka mita 2 da santimita 40 ne: awar farko santimita 20 kawai, shi ya sa na raina shi. Awa ta uku da ta huɗu kuwa kowace 60, rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyu. A cikinsu na tsaya rigimar dila biyu.

Don haka duk wanda zai kai iyalinsa irin wannan yawo, a Manoka ne, ko Limbe mai baƙin yashi da baƙar tsakuwa, ko Kiribi, ko ma 'yan uwanmu na Legas da Kwatano da Libarbil, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. Ku tambayi masuntan wurin ƙarfe nawa ruwa zai gama janyewa a ranar, kada ku yi aiki da na jiya. Ku fita yana kan tafiya, ku juyo kafin ya juyo. Ku riƙa waiwaye, ƙoramar da kuka ratsa ita ce agogonku. Ku dawo ta inda kuka bi, ku kafa sanda a mashigin don ku gane shi. Babbar riga da zani mai nauyi a bar su a gida, a sa takalmin roba mai ɗauri, waya a ƙulle ta a leda. Ku gaya wa wani a tudu inda za ku da lokacin dawowa, don mu abin da ya cece mu ke nan bayan ikon Allah. In kuwa ruwa ya riga ya tare ku, kada ku ratsa abin da ba ku ga ƙasansa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu ko ba mu je ko'ina ba. Na daɗe ina mamakin me ya sa wani ruwan saman yake wucewa salin-alin, wani kuma da bai fi shi ba ya cika mana gidaje a Makéa da Ngangue. Shara da ta toshe kwata tana ciki. Amma in ruwan sama ya haɗu da cikar teku, kwatocin ba su da inda za su zubar, sai su dawo mana da shi. Yanzu da damina ina duba kwanan wata kafin in bar kaya a ƙasa. Tsohon kuma ya ba ni labarin Cap Cameroun, ƙauyen masunta da ke can bakin teku, inda ruwa ya cinye gidaje layi-layi har mutane suna ta ja da baya. Ya ce matanda ce take riƙe ƙasa, su kuma ita suke sara su ƙyafe kifi, don ba su da wani itacen. Bandar da muke saye a Marché Congo mu aika Arewa, da wutar nan aka yi ta. Ban da amsar wannan, amma tun da na gani ba na iya cewa ba ruwana.

Bashi

A Manoka muka kwana. Na ari wayar ɗan tsohon na kira gida na ce jirgi ne ya wuce mu, ragowar bayani sai na zo. Matar tsohon ta wanke mini gwiwa da ruwan zafi da gishiri, aka ba ni aron wando da ya tsaya mini a ƙwauri.

Da dare tsohon ya kirawo ni gindin banda, ya ƙirgo jaka 100 ya ajiye, ya ce saura 80 bayan babban ruwa biyu. Kunya ta kama ni. Na ce ya bar sauran, ai ɗansa ya biya da abin da ya fi kuɗi. Ya ɓata rai. "Alaji, raga daban, ruwa daban. In na karɓi kuɗi don na ɗauko mutum a ruwa, gobe wa zai ɗauko nawa ɗan?" Ya cika alkawari kuwa, kafin ƙaramar salla ya aiko da cikon, da kwandon bonga a kai.

Uwargida ta ga gwiwa, ta ga ba waya ba takalmi, ta dubi ɗanta, ta dube ni. Na faɗa mata gaskiya duka a gabansa, har da wanda ya ciro wani. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. A na uku muka yi shawara mu uku. Zuwa Youpwé a ɓoye an daina. In hutu ya zo zai je Manoka wurin tsohon ya yi mako guda, da rigar ruwa tasa ta kansa da na saya masa, ya koyi abin a hannun masu shi. Karatun jirgin ruwa kuma na ce ya fara kawo mini sakamakon BEPC tukuna.

A rumfa yanzu, kusa da kalandar salla, na liƙa takardar lokutan ruwa da yayarsa take bugo mini duk wata. Masunta in sun zo sayen ƙugiya sai su duba su yi dariya, su ce Alaji ya zama ɗan ruwa. Ban zama ba. Amma mun sa rana da Auta, in Allah ya kai mu rani, za mu koma mu ga tudu na uku da kyau, don wancan karon ban ga komai a kansa ba sai waya. Shi zai riƙe agogo.

Allah ya tsare mana zuri'a a tudu da ruwa.